Tsakanin Fistin da Bawul: Shekara Goma Bayan Sale Makanike

Shekara goma ke nan cif da muka kai Sale makwancinsa a Kiru. Da damina ne, masara ta yi goyo, ƙasa ta jiƙu har masu haƙa ba su sha wuya ba. Har yau in na biyo ta Kwanar Ɗangora, wuyana kan juya da kansa wajen gindin mangwaron da garejinsa yake a da, alhali na san shagon sayar da wayoyi ne a wurin yanzu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa. Sai in ɗauki biro in ajiye, domin kusan duk abin da na tuna game da shi dariya yake ba ni, ni kuma ina ganin bai dace a tuna mamaci ana dariya ba. Bana dai na ce zan rubuta shi yadda yake. Waɗanda suka san shi za su yi min uzuri.

Salisu ne sunansa na yanka, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai mahaifiyarsa in ranta ya ɓaci. Unguwa ɗaya muka tashi, ƙofar gidanmu na kallon tasu. Tare muka yi allo, tare muka yi firamare, daga nan hanya ta raba mu. Shi aka kai shi Kano koyon gyaran manyan motoci, ni na bi mota har na zama direba, daga baya Allah ya hore min tawa ta kaina, wata tsohuwar roka, babbar motar kaya mai bodin katako. Da ya dawo ya kafa gareji, sai muka koma kamar ba mu taɓa rabuwa ba. Mutane kan yi mamakin abotarmu. Ni ko shayi ban iya jira ya huce ba. Shi kuwa in ka miƙa masa karan rake, sai ya gama duba gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa haƙori.

Makanikai ba su yi kaɗan ba a wannan hanya tamu da ta taso daga Kano ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta wuce Doguwa. Abin da ya fitar da Sale daban shi ne ya iya ƙara wa injin gas ƙarfi ba tare da ya rage masa kwana ba. Masu roka da masu tifar yashi da masu tarakta duk wurinsa suke zuwa in abin hawansu ya fara nishi a kan tudu. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Mai mota na tsaye yana zuba bayani, shi ko kallonsa ba ya yi. Can sai ya ɗago ya faɗi abin da ke damun injin da kalma uku ko huɗu, kuma da wuya a buɗe a tarar da wani abu daban.

Labarin da nake son bayarwa ya faru ne tun wayar hannu ba ta yawaita ba. A lokacin ina ɗauko masara daga ƙauyukan Doguwa da wajen Riruwai, in rani ya yi kuma in koma jigilar tumatir daga Ɗansoshiya. Akwai wani abokin sana'ata, Alhaji Bala na Tudun Wada, mutum mai fara'a da tsokana, wanda rokarsa ta fi tawa ƙuruciya. Akwai wani dogon hawa da muke bi in mun fito daga Riruwai da kaya. Duk ranar da muka haɗu a wurin, sai in ji ham ɗinsa a bayana, sannan in ga motarsa tana wuce ni a hankali, shi kuma ya leƙo ta taga yana tambayata ko ya ajiye min tuwo a gaba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har masu lodi suka samu abin yi, in na shigo tasha sai su ce ga na bayan Alhaji ya iso.

Ana cikin haka motata ta yi zafi wata rana, lagireto ya tafasa. Da Sale ya cire kan injin ya ɗora masa ƙarfen awo, ya ce ya ɗan karkace, dole a kai shi Kano a fere shi ya koma daidai. Na ce to, tunda an riga an buɗe, ni so nake a yi aikin da zai sa Alhaji Bala ya riƙa karanta rubutun bayan motata. Ya yi murmushi ya ce ana iyawa. Za a sa mata tobo, mai cusa wa inji iska, a gyara famfon mai ya riƙa bayarwa daidai da iskar, a kuma canza kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawuloli, a sa wanda ke buɗe su sosai ya kuma daɗe bai rufe ba. Amma ya ce da sharaɗi: ba za a tayar da injin ba sai ranar da shi ya ce. Na amsa da sauri, don a lokacin ko me ya ce zan amsa.

A ranar ne ya zaunar da ni a kan benci ya yi min bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce injin gas ba shi da fulogi, matsa iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Saboda haka fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yakan hau har ya kusa taɓa rufin silinda, abin da ke tsakaninsu bai fi kaurin tsinken ashana ba. A wannan ɗan wurin ne kuma bawuloli biyu suke leƙowa, ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Akwai lokacin da na hayaƙi yake komawa bai gama rufewa ba, na iska ya fara buɗewa, fistin kuma ya taso da gudu. Wanda ya ƙera injin ya bar musu 'yar tazarar da za su wuce juna. To mu yanzu mun fere kai, rufin ya sauko. Mun sa kamshaf mai tura bawul ƙasa sosai. Ƙarfe kuma in ya yi zafi miƙewa yake yi, musamman bawul ɗin hayaƙi. Ya ce in tazarar nan ta ƙare, fistin zai daki bawul, kuma ba sau ɗaya zai dake shi ba.

Na tambaye shi yadda za a san tazarar, tunda in an ɗaure kan inji ba mai ganin ciki. Ya ce da yumɓu.

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe haka yake yi wa duk injin da ya ƙara wa ƙarfi. Yakan samo yumɓu mai laushi wanda aka tace, irin na masu ginin tukwane, ya murza shi da ɗan mai don kada ya bushe, ya manna 'yar fala-fala a kan fistin daidai inda bawul zai sauko. Ya shafa wa fuskar bawul baƙin mai don kada yumɓun ya bi shi. Sai a ɗora gaskit, shimfiɗar da ke shiga tsakanin kai da jikin inji, a ɗaure kai yadda za a ɗaure shi ranar aiki, a saita bawuloli, a cire nozul masu fesa mai don injin ya yi sauƙin juyawa. Daga nan a juya shi da hannu, zagaye biyu cikakku, sannu a hankali. In an kwance, sawun bawul na nan a jikin yumɓu. Ya sa reza ya yanka ta tsakiyar sawun, ya auna kaurin abin da ya rage. Wannan kaurin shi ne tazarar. Yumɓun kuwa wurin mutum ɗaya yake karɓowa, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa da ke gina tukwane a Bebeji, don ya ce nata ne kaɗai ba ya da tsakuwa.

Kwanan baya wani ɗan ƙanena ya nuna min a wayarsa wani Bature a wani gareji mai tsabta kamar asibiti, yana yin wannan aiki daidai yadda Sale yake yi, sai dai shi nasa yumɓun mai launi ne, irin wanda ake saya wa yara su yi wasa. Na kalla har sau uku. Da Sale na nan, na san ba zai yi mamaki ba ko kaɗan. Zai matso da wayar kusa da idonsa, ya jira har mutumin ya gama, sannan ya ce ai bai shafa wa bawul ɗin mai sosai ba.

Ranar wata Alhamis kaya suka gama haɗuwa. Kan inji ya dawo daga Kano yana ƙyalli, kamshaf ya shiga, tobo ya zauna. Ni kuma na riga na yi wa manoman rani na Ɗansoshiya alkawarin zan ɗauki tumatirinsu ranar Asabar da safe. Duk wanda ya san tumatir ya san in an tsinke shi aka zuba a kwando, ba ya jiran kowa. Na ce wa Sale mu ɗaure mu tayar. Ya buɗe gwangwanin da yake ajiye yumɓu, ya nuna min ya bushe ƙarau. Ya ce gobe Juma'a yana da ɗaurin auren 'yar yayarsa a Bebeji, in ya je zai karɓo sabo, Asabar a auna. Na ce Asabar ai ina da lodi. Ya ce ya ji. Sai ya ja tamfol ya rufe kan injin.

Sale ba ya buɗe gareji ranar Juma'a, mutanensa duk sukan tafi gida. Da hantsi na zo na tsaya ina kallon motata, zuciyata tana raya min abubuwa. Shekara nawa ina tuƙi, sau nawa na tsaya ana ɗaure kan inji a gabana? Akwatin sufanuna na cikin mota. Na samu wasu direbobi biyu baƙi da suka tsaya cin abinci, waɗanda ba su san Sale ba, na roƙe su suka kama min muka ɗora kan. Na bi notina ɗaya bayan ɗaya yadda na ga yana yi, daga tsakiya zuwa gefe. Na je masallaci na dawo na ci gaba. Kafin la'asar na gama haɗa bututai, na zuba ruwa, na zuba mai. Na wanke hannu, na hau, na yi bisimilla, na murɗa makulli.

Shiru. Fitilun gaban direba sun kama, amma ko tari motar ba ta yi ba. Na sake murɗawa. Na sauko na duba batir, lafiyarsa ƙalau. Na kwanta na shiga ƙarƙashin mota ina bin waya da hannu, sai na iske ƙarshenta an naɗe da tsumma an ɗaure. Inda kik yake zama, ƙaramin injin nan da ke juya babba in an murɗa makulli, babu komai sai rami.

Na fito da ƙasa a ƙeyata na nufi tasha neman masu turi. Na tarar da majalisa a cike, ana ganina aka fashe da dariya. Mai shayi ya ce tun da sassafe Malam Sale ya biyo, da wani buhu ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya bar saƙo cewa duk wanda ya sa hannu ya tura motar Ɗanlami, wato ni ke nan, ko ya ara masa kik, to kada ya sake kawo masa tasa motar. Ba wanda ya motsa. Wani ma cewa ya yi in zauna a haɗa min shayi mai sanyi, tunda ba na iya jiran mai zafi.

Bayan la'asar sai ga shi a kan babur, da babbar riga da hula zanna, buhun na nan a baya, ga kuma wani ƙunshi a cikin ganye. Ban bari ya kafe babur ɗin ba na hau shi da faɗa. Na ce ya tozarta ni a gaban mutane, ya sa zan karya alkawari, tumatirin bayin Allah zai ruɓe saboda wasan yara. Har na faɗi maganar da nake jin kunyarta yau, na ce in ginin tukwane yake so ya koma gidan gwaggonsa ya bar wa masu yi gyaran mota.

Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ce, "Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce yumɓun bana ya fi na bara." Sannan ya ce, "Maganar tumatir kuma ka kwantar da hankalinka. Jiya da yamma na tare Alhaji Bala a hanya, ya ce zai ɗauka maka."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Duk direbobin hanyar nan a rasa wanda za a roƙa sai Alhaji Bala. Shi kuwa ya zauna a benci ya shiga ba ni labarin biki kamar ba abin da ya faru. Wai da ya isa ya kafe babur a ƙofar gida ya shiga gaisuwa, sai mata masu karɓar gudummawa suka ga buhu mai nauyi a babur ɗin kawun amarya, suka kwance suka shige da shi cikin gida. Aka buɗe a tsakar gida ana ta shawara, wata ta ce injin markaɗe ne, wata ta ce na taliya ne na zamani. Har yayarsa ta aiko a yi masa godiya. Ya ce bai taɓa shan wuya a rayuwarsa irin wadda ya sha kafin ya karɓo kik ɗin nan daga hannun dangin amarya ba. Ina cikin fushi, amma sai da dariya ta ƙwace min.

Asabar da safe, Alhaji Bala na can yana lodin tumatirina, mu kuma muka kwance duk abin da na ɗaure. Sale bai yi min faɗa a kan aikina ba, sai ma ya ce notinan sun ɗauru da kyau. Ya manna yumɓu, aka mayar da kai, aka cire nozul. Sai ya miƙo min dogon ƙarfen da ake juya inji da shi, ya ce tunda ni ne mai gaggawa, ni zan juya. Na fara ja. Injin yana tafiya sumul, ina jin numfashinsa ta ramukan nozul. Na kusa cika zagaye na farko sai na ji ya yi nauyi, sannan ya tsaya cak. Na gyara tsayuwa zan sa ƙarfi, ya kama hannuna.

"Kada ka matsa," in ji shi. "Abin da ka ji ɗin nan, shi muke nema."

Muka juya shi baya kaɗan, muka sake kwancewa. Da aka ɗaga kan, na leƙa. A wajen bawul ɗin iska akwai ɗan yumɓu da ya rage, siriri kamar takarda. A wajen na hayaƙi kuwa yumɓun ya yanke gida biyu, ga wani ɗan sawu mai ƙyalli kamar jinjirin wata a kan fistin, inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Da hannu ke nan, inji da sanyinsa. Sale ya ce da jiya kik na nan, da kafin in saki makulli bawuloli shida sun lanƙwashe, in ba a yi sa'a ba ɗaya ya karye ya faɗa ciki, ya tafi da fistin da silinda gaba ɗaya. Motar nan ita ce abincin gidana. Na nemi wuri na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ce masa ya yafe min maganar jiya. Ya ce wace magana, ya miƙo min tsumma ya ce in goge fistin.

Gyaran ya ci kwana tara. Na ce a sa gaskit mai kauri sosai a huta. Ya ce in aka yi haka matsin zai ragu, motar ta riƙa wahalar tashi da safe tana farin hayaƙi, ƙarfin da nake nema kuma ya tafi. Sai ya mayar da kan Kano aka ɗan zurfafa mazaunin bawuloli suka shige ciki kaɗan, ya ƙara kaurin gaskit mataki ɗaya kawai, ya sake bin taimin, wato lokacin buɗewa da rufewar bawuloli, da kyau. Sau uku muna ɗaurewa muna kwancewa, kuma bai yarda a auna silinda ɗaya a ce sauran ma haka suke ba, duk shidan sai da kowacce ta ɗanɗani yumɓun Gwaggo. A karo na uku ya yanka, ya auna, ya ɗaga yankan yana kallonsa a hasken rana. Na hayaƙi ya fi na iska kauri, yadda yake so. Ya ce in je in kawo kik.

A cikin kwanakin nan Alhaji Bala ya yi min lodi biyu. Duk dawowa sai ya tsaya a gareji ya sauko yana tambaya ko an yaye jaririyar. Amma bai bar kwando ɗaya a gona ba, kuma da manoman suka so su mayar da shi direbansu, ya ce musu a'a, shi riƙon ƙwarya yake yi wa ɗan'uwansa. Wannan ban ji ta daga bakinsa ba, su suka faɗa min daga baya.

Sale ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi har sati biyu. Da lokaci ya yi, ya ce zai bi ni Riruwai ya ji da kunnensa. Muka yi lodin masara, muka kamo hanya. Ya cire takalminsa ya ɗora tafin ƙafa a daɓen mota, yana ɓare gyaɗa. Muna isowa gindin hawan nan sai ga rokar Alhaji Bala a gabanmu, ita ma da kaya. Na dubi Sale. Ya ce hanya a buɗe take, ba mai zuwa. Na sauke giya ɗaya na taka. Tobo ya yi wani siririn fito, motar ta miƙe kamar ba komai a bayanta. Muka jera da Alhaji, na ga ya buɗe baki, sannan ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya cire hula yana kaɗa mana. Na danna ham tun daga tsakiyar hawan har ƙarshensa. Na juyo ina jiran Sale ya yi murna, sai ya zubar da ɓawon gyaɗa ta taga ya ce, "Nozul na uku yana ɗan magana. Gobe ka kawo ta."

Shekara takwas motar nan ta yi a hannuna bayan wannan aiki ba a sake buɗe kanta ba. Alhaji Bala ma bai yi wata guda ba ya kawo tasa, ya zauna a bencin nan ya yi nasa jiran, ni kuma na samu damar tambayarsa ko a ajiye masa tuwo. Tun daga nan muka zama aminai, har ɗansa ya auri 'yata.

Ciwon da ya ɗauke Sale bai daɗe ba. Sati uku ya yi a kwance. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, wata tifa ta wuce ta bayan gidan, ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru, ya saurara har ta yi nisa, sannan ya ce a gaya wa mai ita ya duba taimin ɗinsa. Washegari da hantsi ya cika. Ban taɓa ganin manyan motoci sun jeru a bakin hanyar Kiru kamar na ranar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin yanzu sai an jona musu na'ura su faɗi ciwonsu da kansu. Manoman rani da yawa sun ajiye injin ban-ruwa mai shan mai sun koma hasken rana. Ina jin na'urar za ta burge shi, zai saya ma, amma zai kara sukudirebarsa a kunne tukuna ya ga ko ta faɗi gaskiya. Abin da na tabbata zai ɓata masa rai shi ne yadda wasu matasa ke buɗe famfon mai har ƙarshe, mota ta riƙa tafiya tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, su ce sun ƙara mata ƙarfi. Shi a wurinsa baƙin hayaƙi mai ne da aka zubar a banza.

Bai bar gini ba sai gidan da iyalinsa ke ciki. Kayan aikinsa an raba wa waɗanda suka koya a hannunsa, kowa ya kama gabansa, wani Saminaka, wani Zariya, wani har Kudu. Na ɗauka in mu tsararrakinsa muka ƙare, shi ke nan ba wanda zai san an yi shi.

A watan jiya na raka wani maƙwabcina Tudun Wada karɓo taraktarsa daga gyara. Muka tarar da makaniken, magidanci mai kamar shekara talatin da wani abu, ya cire nozul yana juya injin da dogon ƙarfe. Maƙwabcina ya ce masa ya tayar kawai, gona na jira. Makaniken bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, an fere kan nan. A garejin nan ba ma tayar da irinsa sai mun auna." Na matso na tambaye shi wa ya koya masa. Ya faɗi sunan maigidansa, wani da ban sani ba, ya ce shi kuma a Saminaka ya koya. Na ce ko ya taɓa jin sunan Sale na Kwanar Ɗangora. Ya yi ɗan tunani ya ce gaskiya bai taɓa ji ba.

Na ɗauka abin zai yi min ciwo, sai na ji daɗi ya rufe ni. Na jawo benci na zauna na fara ba shi labari tun daga farko. Yana aiki yana saurare, yana dariya inda ya kamata. Na yi nisa ina ta zuba, hannuna har yana nuna yadda aka yi kaza da kaza, sai ya dakata ya dube ni da ladabi ya ce, "Baba, wallahi labarin ya yi daɗi, Allah ya jiƙan Malam. Amma don Allah ɗan matsa gefe, ka tare min haske."

Na ja bencina na matsa. Allah ya yi wa Sale rahama, ya yalwata masa kabarinsa, ya albarkaci bayansa da duk hannun da aikinsa ya kai gare shi, wanda ya san sunansa da wanda bai sani ba.